Mun Je Ganin Ruwa da Rani

Sau ɗaya tak maigidana ya ga ruwan nan, tun yana saurayi, kafin a kai ni ɗakinsa, amma ya fi shekara talatin yana ba da labarinsa. A wancan lokacin fatake yake bi, yana kora musu jakuna zuwa kudu, su kai kanwa da baƙin zane, su komo da kuza da citta. Wata shekara kurkunu ya kwantar da shi a wani ƙauye a gindin duwatsun Riruwai, ayari ya taho ya bar shi, ya yi damina guda a hannun mutanen wurin. Da ƙafar ta warke ne suka hau da shi dutse suka nuna masa.

Ruwa ne, in ji shi, yake faɗowa daga kan dutse, babu hadari babu girgije, fari fat kamar an warware farar saƙa daga sama an sake ta. Tsawonsa sai ka ɗora rimi a kan rimi. In kana tsaye a gindinsa, na kusa da kai sai ya sa baki a kunnenka kafin ka ji abin da yake faɗa. Matsirga mutanen can suke ce wa wurin.

Mu kuwa mutanen ƙasar Tofa ne, ta wajen hanyar Rimin Gado, inda ƙasa take a shimfiɗe kamar faifai. Gona na jingine da gona, babu inda za ka taka a ce ba na kowa ba ne. Ruwa iri biyu muka sani, wanda Allah ya saukar daga hadari da wanda muka jawo da guga har tafin hannu ya yi kanta. Sai ga mutum ya zo yana ce mana akwai na uku. Ƙanensa, wanda gidansa ke jikin namu, shi ne kan gaba wajen tsokana.

"Yaya, bara rimi uku ka ce, bana ya zama huɗu. Taki kake kai masa ne?"

Maigida sai ya yi murmushi ya ci gaba da tufkar igiyarsa. Ni ce ba na bari. Ta bayan zana nake jefa masa tawa: "Kai da iyakar duniyarka kasuwar Rimin Gado, ita ma sai an nuna maka hanyar komowa, me ka sani?"

"Matar yaya, ai ke ma ba ki gani ba."

"Na ga wanda ya gani. Kai fa?"

Ban taɓa ƙaryata shi ba, ko a zuci. Amma in zan faɗi gaskiya, ban ɗauki abin da nauyi ba. Labari ne na mijina, kamar yadda wani yake da tabon sara a ƙafa yana nunawa. Abin da na ɗauka da nauyi shi ne rumbuna. Tun da na shigo gidan nan ba a taɓa ganina da ƙwarya a ƙofar wata ina neman tsaba ba, har a shekarar da fara ta sauka mana. 'Ya'yanmu mata ne su uku, namijin bai rayu ba, don haka gonar daga shi sai ni. Yana gaba yana sara, ina baya ina jefa iri ina rufewa da diddige. Mata suna cewa ina da ji da kai. Ina da shi. Na kuma san abin da na yi na same shi.

Shekarar da nake son faɗa, damina ta faɗi da kyau, gero ya kai gwiwa. Na kai masa fura gona da hantsi, sai na tarar da kunya guda ya share ta tas, gero da ciyawa duk ya sare ya kwantar. Mutumin da in ya bi kunya da fartanya sai ka ce da zare ya auna. Na tsaya ina kallon ɓarnar, shi kuma yana can gindin ɗorawa a zaune, fartanyar a tsakanin ƙafafunsa.

Na ce, "Malam, mene ne wannan?"

Ya ce, "Zauna, tsohuwa." Haka yake kirana tun ina da ƙuruciyata, don ya ce tun ranar farko faɗan tsofaffi nake yi masa.

Na zauna. Ya ce ya kai wata uku yana ganin kamar hayaƙi a gefen ido, kullum hayaƙin yana matsowa tsakiya. Ya ce abin da ke gabansa sosai yana gani, amma kore da kore sun fara zama ɗaya. Ya sha furar kaɗan ya ajiye ludayin, sannan ya faɗi abin da ya zaunar da ni dominsa.

"Akwai wasu masu kanwa da suka makara, jibi za su bi ta kudu. Ina so in sake ganin ruwan nan kafin abin ya rufe. Ba zan iya ni kaɗai ba."

"Yanzu?"

"Yanzu."

"Da gero a gwiwa? Malam, wa ya taɓa barin gona da damina, in ba wanda ya taɓu ba ko wanda ya yi abin kunya ya gudu? Me za a ce da mu a garin nan? Bari mu kai amfani gida. Ruwan ai ba ƙafa gare shi ba, yana nan inda ka bar shi."

Ya ce, "Shi yana nan. Idon ne ban sani ba."

Na ce Allah zai sawwaƙe, za a nemi magani. Na ce da an ɗaure dami na ƙarshe ni da kaina zan ɗaura wa jaki kaya. Da ya ce dole, da na bi shi, mijina ne. Amma bai taɓa yi mini dole ba, ranar ma bai fara ba. Ya ɗauki fartanya ya koma kunya ta gaba, ya durƙusa yana shafa kowane tushe da hannu kafin ya sara.

Magani kam an nema. Ya sha rubutu, an yi masa tofi, na sa masa kwalli har ya gaji. Wani mai taɓa ido ya zo kasuwa, ya buɗe fatar idon da yatsa ya duba, ya ce wannan ba irin yanar da ake turewa ba ce. Muka girbe gero. Na ce saura dawa. Muka girbe dawa, na ce ai ba a bar wake a gona awaki su cinye ba, ga auduga ta fashe. Da aka gama wannan sai autarmu ta haihu, haihuwar fari, aka kawo ta gida wanka, kwana arba'in ina dafa ruwa ina dama kunun kanwa. Ku duba duk abin da na lissafa, babu ɗaya da za a ce ba hujja ba ne. Kowace mace a garinmu abin da za ta yi ke nan. Bai sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya, sai dai in ya ji kukan jakunan fatake a hanya ya daina abin da yake yi har su wuce.

Sai da zafi ya fara, mutane suna kai taki gona a mangala, sannan na ce masa na shirya. Lokacin tafiya ke nan a wurinmu. Manomi da rani yake zuwa ganin dangi, da rani yake fatauci, da rani yake duk abin da ba noma ba. Ban san akwai abin da ba a zuwa wurinsa da rani ba.

Muka bi wani ayari da jakinmu guda, na ɗora masa garin gero, daddawa, kuka, tabarma biyu da buta. Ƙanensa ya rako mu har bakin gari, yana cewa in taho masa da ruwan a goran duma ya gani. Amma da zai juya ya riƙe hannun yayansa ya daɗe bai saki ba.

Kafin wannan tafiya ban taɓa yin nisan da ya wuce yini guda ba. Maigida yana tafe da hannu ɗaya a kan gindin jakin, ni ina gefensa ina faɗa masa rami da dutse. Muka ƙetare Challawa a kan yashi, ko tafin ƙafa bai jiƙe ba. Bayan kwanaki muka ƙetare wani kogin da ya fi shi faɗi, shi ma sai da masu jakuna suka tona rami a tsakiyarsa kafin su sami na shayarwa. Kogi biyu muka taka a bushe, kuma daga ni har shi babu wanda ya kawo komai a ransa. Shi a ganinsa wancan ruwan daga cikin dutse yake fitowa, ba ruwansa da sama. Ni kuma abin da ya faɗa mini shi na sani.

Daga nan gonaki suka fara ja da baya, har suka ƙare. Muka shiga wani daji, itatuwa ba iyaka, yini guda ba ka ga rumbu ba ka ji zakara. Na tambayi madugu, shugaban ayarin, na ce wannan ƙasar duka gonar wace ce aka bari haka. Aka yi ta dariya har zango na gaba, masu jakuna suna ce mini in zaɓi inda nake so su kafa mini iyaka. Ni abin bai ba ni dariya ba, tsoro ya ba ni, ƙasa haka babu mai ita. A wasu wuraren madugu yakan hana magana da ƙarfi saboda mahara, a cusa wa jakuna ciyawa a baki, mu wuce shiru. Na ga kashin giwa, tuli guda kamar an kifar da kwando.

Maigida kuwa sai ya koma yaro. Ya ce nan gaba akwai tsamiya mai rassa biyu, a je a same ta. Ya ce bayan wannan gangaren ƙasa za ta koma ja, ta koma. Yana yi wa masu jakuna gyaran ɗaurin kaya da hannu kawai, suna cewa Baba ashe kai namu ne. Na yi shekara talatin da mutumin nan ban taɓa jin ya yi waƙa ba sai a dajin nan.

Kwana goma sha uku muka yi kafin duwatsun su tsaya a gabanmu. Ayari ya ajiye mu a ƙauyen ya wuce. Wanda ya yi jinyarsa a da ya daɗe da rasuwa, amma matarsa tana nan, tsohuwa tukuf, 'yar ƙarama, Hausarta a karkace. Ta leƙa fuskarsa ta leƙa ƙafarsa, ta ga tabon, ta tafa hannu.

"Mai kurkunu ne. Kai, ka tsufa. Wannan ce ka samu? Ta fi ƙarfinka."

Ta ba mu ɗaki ta ba mu ruwa. Da muka huta ta tambayi abin da ya kawo mu, ya faɗa mata. Ta dube shi, ta dube ni.

"Matsirga? Yanzu? Ai da rani barci take yi."

Ya yi dariya ya ce, "Iya, kin manta ne. Wannan ruwan ba ya ƙafewa."

Ta ce, "Ni da aka haifa a gindinsa?" Sai ta lura da yadda yake kallon gefen kanta maimakon fuskarta. Ta ce mu hau da safe mu gani, hanyar ɗaya ce, mu bi kwarin kada mu rabu da shi.

Ni da ban taɓa hawan abin da ya wuce tsanin rumbu ba, ranar na san ina da gwiwa. Hanyar ta bi ta cikin gora, busasshen ganye yana ƙara a ƙarƙashin ƙafa, daga nan ta koma duwatsu manya masu santsi, waɗanda sai ka dafa da hannu ka ja jikinka. Kafin hantsi ya yi sun ɗau zafi kamar tanda. In na hau ɗaya sai in juyo in kama hannunsa in ce ɗaga ƙafa, ƙara, to taka. Birai suna zaune a sama suna kallonmu. Kowane ɗan lokaci sai ya tsaya ya karkata kai.

"Daga nan ya kamata a fara ji."

Mu saurara. Kukan kurciya kawai.

"To sai mun sha wancan kwanar. Na manta ne."

Muka sha kwanar, muka sha ta gaba. Rana ta take tsaka lokacin da kwarin ya ƙare, dutse ya tare mu.

Zan faɗi wannan don hakkinsa: bai ƙara ko taki ɗaya ba a labarinsa, ragewa ma ya yi. Bango ne baƙi ƙirin, miƙe, sai da na riƙe ɗankwalina kafin na ga ƙarshensa. Tun daga sama har ƙasa akwai wani faffaɗan zane fari-fari a jikinsa, inda ruwa ya saba bi. A tsakiyar zanen wani ɗan danshi yana tsiyaya kamar daga fasasshen tulu, yana ɗiga cikin wani kore-koren tafki da bai fi faɗin ɗakina ba, ƙudan zuma sun kewaye bakinsa suna sha. Shi ke nan.

Ya ɗaga kai ya daɗe yana juya shi, yana neman inda idon zai kama.

"Ina ganin baƙin. Ina farin?"

Na dubi ɗan danshin da ke tsiyaya. Ya sake tambaya, na ce, "Babu, Malam."

Ya lallaba ya zauna a kan dutse. Bai ce mini komai ba game da ranar da ya roƙe ni a gindin ɗorawa, ni kuwa da ya faɗa da ya fi mini sauƙi, don da na sami abin mayarwa. Bayan wani lokaci ya ce in kai shi inda yake ɗigar. Ya tara hannu har ya taru, ya yi alwala, na nuna masa gabas ya yi azahar. Da ya sallame ya ce, "Ayarin zai komo nan da kwana ashirin. Mu bi su. Shuka ta kusa."

Na ce, "Ba inda za mu."

"Gonar fa?"

"Ta zauna."

"Tsohuwa, ke ce kuwa? In ba a shuka ba me za ki zuba a rumbun?"

"Na ce ta zauna. Ruwan nan da damina yake zuwa, to damina za ta same mu a nan. Ka ga baƙin yau, za ka ga farin."

Ya juyo da fuskarsa wajena, sannan ya miƙo mini hannu muka kama sauka.

Haka muka zauna a gidan Iya. Ban iya cin abincin da ban yi wa aiki ba, don haka na karɓe mata daka da ɗiban ruwa. Ɗorawa ta nuna a lokacin, na tara kalwa na yi musu daddawa irin tamu, matan ƙauyen suna zuwa kallo suna toshe hanci, daga baya suna aiko ƙore. Shi kuma yana zaune a inuwa yana tufka igiya, wannan ba ya bukatar ido. Kullum da safe in ce, "Yaya idon?" ya ce, "Da sauƙi." Ban taɓa ɗaga yatsu na ce nawa ne ba. Ina tsoron amsar.

Ayarin ya komo. Madugu ya tsaya a ƙofar gida ya ce in za mu bi mu fito, bayan su babu wasu sai kaka. Na ba shi saƙo wurin ƙanen maigida, ya shuka abin da ya iya a gonarmu, abin da bai iya ba ya bari. Na tsaya ina kallo har ƙurar jakunansu ta kwanta.

Ruwan can yana riga namu sauka. Ranar da aka yi na fari, ƙamshin ƙasa ya tashi, na ji hannuna yana neman ƙwaryar iri da kansa. Na zaga bayan ɗaki na yi kukana na share fuska, na dawo na ce wa Iya gobe za mu hau. Ta ce, "Bakanuwa, zauna. Dutse sai ya sha ya ƙoshi tukuna yake bayarwa. Ku ba ku san komai ba sai rijiya." Aka yi na biyu, aka yi na uku, ciyawa ta rufe hanya, mutanen ƙauyen suka fita shuka, ni ina zaune da abawa da mazari ina kaɗi. Kowace safiya in fita in saurara wajen dutsen. Wata guda da kwanaki muka yi a haka. Na rame har zanena yana zagaye ni sau biyu, ba don yunwa ba.

Sannan aka yi kwana uku ana ruwa ba ɗaukewa. Safiya ta huɗu gari ya washe, na fito da tulu, sai na ji wani abu a ƙasa-ƙasa kamar ana daka a wani gari mai nisa, turmi ɗari a lokaci guda. Iya tana bakin murhu, ta nuna dutsen da haɓa ta ce, "Ta tashi."

Shi ya riga ni ji. Na same shi a tsaye a ƙofar ɗaki, ya sa farar rigarsa da ya taho da ita a ƙunshe tun daga gida.

Hawan ranar ya fi na farko wuya. Kwarin da muka bi a bushe ya zama rafi mai ƙarfi, dole muka bi ta gefe, ta cikin laka da saiwoyi. Duwatsun sun yi gansakuka. Sau biyu ya faɗi, sau ɗaya muka faɗi tare, farar rigar ta koma ja har ƙugu. Bai tsaya saurare ba wannan karon, ƙarar ce take ta ƙaruwa har na fara jin ta a haƙarƙarina. Iska mai sanyi ta fara bugo mu, da yayyafi a cikinta, alhali sama tas take. Muka sha kwanar ƙarshe.

Na tsufa yanzu, na ga abubuwa, amma ban ga na biyunsa ba. Bangon nan baƙi babu shi, ruwa ya rufe shi. Daga can sama yake tahowa a dunƙule, ya rabu biyu a kan wani ƙahon dutse, ya sake haɗuwa, ya faɗo, kafin ya iso ƙasa rabinsa ya zama hayaƙi. Tafkin da ƙudan zuma ke sha ya zama wani abu mai tafasa. Na manta da gwiwata, na manta da gona. Na saki hannunsa ban sani ba.

Da na waiwayo, ya yi gaba da 'yan taku shi kaɗai. Kwarin a wurin kamar ɗaki yake, akwai wani bangon dutse a hannun hagu, busasshe, ƙarar tana dukansa tana dawowa har ta fi ta ruwan kanta ƙarfi. Wajen wannan bangon ya juya. Ya ɗaga hannu yana nuna shi, fuskarsa a sake, yana ɗaga murya don in ji.

"Ga shi nan, tsohuwa. Kin gani? Ban faɗa miki ba? Dubi farinsa."

Ruwan yana bayan kafaɗarsa ta dama. Abin da yake nunawa dutse ne da 'yar bishiya a tsage.

Na ce, "Na gani, Malam."

Na tsaya a nan ban san iya lokacin ba. Raina ɗaya yana cewa in bar shi haka, ya sauka da abinsa. Amma na kasa. Mutumin nan bai yi tafiyar kwana goma sha uku da jiran wata biyu don ya tsaya yana fuskantar busasshen dutse ba. Na matsa na kama kafaɗunsa, na sa baki a kunnensa na ce nan akwai santsi, mu gyara tsayuwa. Na juya shi a hankali har yayyafin ya bugi fuskarsa sosai.

Ya gane. Hannun da yake nuni da shi ya sauka a hankali. Muka tsaya haka, ruwa yana bin gemunsa.

Can ya jawo kaina ya sa baki a kunnena. "Tun kafin madugu ya komo ne. Na tashi wata safiya babu komai."

"Me ya hana ka faɗa? Da mun bi su."

"Kin riga kin ce gona ta zauna. Ban taɓa jin kin ba da abu irin wannan ba. Da wane bakin zan ce miki kin makara?"

A nan ya kamata in roƙe shi gafara. Maganar ta zo har maƙogwarona. Na ce a raina wurin ya yi ƙara, bari sai mun sauka. Shekara shida ya ƙara a duniya bayan wannan, kuma ban sami ranar da ta yi mini daidai ba.

Ya ce, "To faɗa mini. Kada ki rage."

Na samo masa dutse mai faɗi ya zauna, na durƙusa a gefensa, bakina a kunnensa. Na faɗa masa ƙahon da ya raba ruwan biyu, ya gyaɗa kai. Na faɗa masa gefen dama ya fi kauri, kuma can sama ba fari ba ne sosai, akwai ja-ja na ƙasa a cikinsa. Na faɗa masa wasu ƙananan tsuntsaye baƙaƙe da ke shiga ta bayan ruwan su fito ta ɗaya gefen ba su jiƙe ba. Ya ce wannan bai gani ba a wancan zuwan, in ƙara faɗa. Na ƙara. Da rana ta karkato, bakan gizo ya fito a cikin hayaƙin, ƙasa-ƙasa, kusa har kamar in miƙa hannu, na lissafa masa launukan ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ban san sunansu ba na ce kamar furen kaza, kamar wuyan tsuntsu kaza. Na yi ta faɗa har muryata ta dushe, ya zama sai iska ke fita.

Ya dafa hannuna ya ce ya isa.

Sanyi ya shige ni, zanena ya manne a jiki, haƙorana suna haɗuwa. Na ce masa la'asar ta yi, hanya da santsi, mu kama sauka. Ya ce in ɗan ƙara masa kaɗan. Yana zaune ya miƙe wuya, fuskarsa daidai saitin ruwan, idanunsa a buɗe, ko ƙiftawa ba ya yi in yayyafin ya shiga. Na koma gefe na zauna na haɗa kai da gwiwa ina jiransa. Ni ce na gaji da kallo kafin shi.